Keratokonus a Zongon Lome: me zoben ido yake gyarawa, me ya fi ƙarfinsa?

Da zarar hunturu ya kama a watan Disamba, ƙura ta taso daga arewa ta lulluɓe Lome, yara da yawa a Agoe-Zongo kan shiga fama da ƙaiƙayin ido. Ido ya yi ja, farinsa ya rine ya koma ruwan ƙasa, yaro ya wuni yana murza da bayan hannu. A gida sai a ce ƙura ce, za ta wuce. In abin ya dami uwa, ta aika a sayo maganin ɗigawa a wurin mai tebur.

Ga yawancin yaran, ƙaiƙayin kan yi sauƙi in sun girma. Ga kaɗan daga cikinsu kuwa, bayan wasu shekaru sai wata matsala ta ɓullo. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 ya daina ganin rubutun allon aji. A yanka masa tabarau, kafin shekara ta zagayo ya ce ba ya yi masa aiki. A sake wani, shi ma haka. Da dare yana ganin fitilar babur ta rabu gida uku tana jan wutsiya. Wannan na daga cikin alamomin ciwon da likitoci ke kira keratokonus, a Faransanci kératocône.

A 'yan shekarun nan tallan wani aiki ya yawaita a intanet, musamman daga asibitocin Tunisiya, Maroko, Masar, Turkiyya da Indiya: a dasa ɗan ƙaramin zobe a cikin ido, gani ya gyaru. Aikin gaskiya ne, kuma ya taimaki mutane da yawa. Sai dai kafin iyali su sayar da fili ko su tara gudummawar dangi daga Kumasi da Kotonu, ya kamata su san abin da zoben yake yi wa ido, da abin da ba zai iya ba.

Daga ƙoƙo zuwa malafa

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garau kamar gilashi, wanda likitoci ke kira koniya. Faɗinsa bai wuce milimita 12 ba, kaurinsa a tsakiya kuma kusan rabin milimita ne, wato maikuron 540 ko kusa da haka. Duk da ƙanƙantarsa, shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske domin hoto ya faɗa daidai a bayan ido. A lafiyayyen ido siffarsa kamar ƙoƙon da aka kife ce, lanƙwasarsa daidai ta kowane gefe. Ana auna ƙarfin lanƙwasar da ma'aunin diyopta, kuma a yawancin mutane tana kusa da 43.

A keratokonus zaren da ke riƙe da tantanin yana yin rauni. Wani sashe, galibi ƙasa kaɗan da tsakiya, sai ya sirance, ruwan cikin ido ya turo shi waje, ya yi tsini kamar malafa. Ma'aunin ya haura 47, ya kai 55, wani lokaci ya wuce 60. Tun da tsinin ba a tsakiya yake ba, haske kan watse ta ko'ina. Shi ya sa tabarau, wanda aka yanka domin ido mai lanƙwasa daidai, yake gazawa.

Ciwon kan fara ne a lokacin balaga, ya ci gaba har shekara talatin da wani abu, sannan ya lafa. Yakan kama ido biyu, amma ɗaya ya fi ɗaya. Idan ya fara da wuri, ya fi saurin ta'azzara. Akwai gado a ciki, don haka ƙannen mai ciwon suna bukatar a duba su. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalin masana a yau shi ne murzar ido. Likitan ido Damien Gatinel na asibitin Fondation Rothschild da ke Paris ya daɗe yana cewa in babu murza, da wuya tsinin ya fito. Ba duk takwarorinsa ne suka yarda murza kaɗai ke jawo ciwon ba, amma babu mai musun cewa tana ƙara shi.

A nan ne batun ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. Ƙaiƙayin idon yara da aka ambata a sama sananne ne a asibitocin yankin, har likitoci masu aiki da Faransanci suka ba shi suna na kansa, LCET a taƙaice. Yaron da ya shekara biyar ko goma yana murza ido kullum yana cikin waɗanda suka fi fuskantar haɗari.

An daɗe ana ɗaukar keratokonus a matsayin ciwon da ba kasafai ake gani ba. Wani tsohon bincike da aka buga a Amurka a 1986 ya ce mutum ɗaya ne cikin kusan 2,000. Da na'urorin awo suka inganta, lissafi ya canja. A Holan, binciken 2017 ya samu mutum ɗaya cikin 375. A Riyad ta Saudiyya, wani bincike na 2018 ya samu kusan kashi 5 cikin ɗari na yara da matasan da aka auna. Darasin a fili yake: inda aka nemi ciwon da kayan aiki, ana samunsa fiye da yadda ake zato.

Yadda zoben yake sauya siffar ido

Abin da ake kira zobe galibi guntu ne ɗaya ko biyu masu siffar jinjirin wata, da aka yi da wata roba mai tauri kuma garau, mai suna PMMA. Kaurinsu yana tsakanin maikuron 150 da 450. Likita kan buɗe wata siririyar hanya a cikin naman tantanin, a zurfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na kaurinsa, ko da hannu ko da na'urar leza, sannan ya zura guntun a ciki, a kewayen tsakiyar ido. Ba a taɓa tsakiyar da ake gani ta cikinta. Ana kashe zafi da maganin ɗigawa, kuma mara lafiya kan koma gida a ranar.

Tun farko ba don keratokonus aka ƙera shi ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Intacs a 1999 domin masu matsalar hangen nesa. Likitan Faransa Joseph Colin, wanda a lokacin yake aiki a Brest, shi ya fara gwada shi ga masu keratokonus, ya wallafa sakamakon a shekarar 2000. A 2004 Amurka ta ba da izinin amfani da shi ga wannan ciwo. A Brazil kuma Paulo Ferrara ya ƙera nasa samfurin mai ƙaramin zagaye, wanda har yau yake ɗauke da sunansa.

Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Idan aka cusa abu a tsakanin zaren tantanin ta gefe, zaren da ya ratsa tsakiya sai ya ɗaure, kamar yadda ƙarafan laima ke miƙar da ƙyallenta. Tsakiyar da ta yi tsini sai ta kwanta. Likitan ido José Barraquer, wanda ya yi aiki a Kolombiya, ya bayyana wannan ƙa'ida tun shekaru da dama da suka wuce: ƙari a gefe yana kwantar da tsakiya. Gwargwadon kaurin guntun da kusancinsa da tsakiya, gwargwadon yadda tantanin zai kwanta.

Abubuwa uku kan faru in aikin ya yi kyau. Lanƙwasar tana raguwa, sau da yawa da diyopta 2 zuwa 5. Tsinin da ya karkata gefe yana matsowa kusa da tsakiya. Watsewar haske kuma tana raguwa, har tabarau ko gilashin da ake mannawa a ido ya dawo yana aiki. Wannan na ukun shi ne ainihin ribar. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna ci gaba da sa tabarau, bambancin shi ne yanzu suna gani da shi. Wata fa'idar ita ce ana iya cire guntun ko a canja shi.

Inda ƙarfinsa ya ƙare

Zobe yana gyara siffa, amma raunin zaren yana nan. Ga matashin da ciwonsa ke ci gaba, musamman in bai daina murza ba, tantanin na iya ci gaba da sirancewa alhali zoben yana ciki. Sakamakon aikin ma ba ya zuwa daidai ga kowa: ido biyu masu awo kusan ɗaya na iya ba da sakamako daban.

Ba kowane ido ne yake karɓarsa ba. Idan tsakiyar tantanin ta yi tabo, kwantar da ita ba zai dawo da gani ba. Idan wurin da za a zura guntun ya sirance ƙwarai, roba na iya cin naman ta fito waje. Akwai kuma yiwuwar guntun ya gusa daga wurinsa, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko mutum ya riƙa ganin zagayen haske da dare. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan zemijan da ke neman abinci a kan babbar hanya ta ɗaya bayan magariba.

Aikin da yake tsayar da ciwon wani ne daban, wato ƙarfafa zaren tantani. Masana a birnin Dresden na Jamus, cikinsu har da Theo Seiler, suka ƙirƙiro shi, suka wallafa sakamakon farko a 2003. Ana jiƙa tantanin da sinadarin ribofilabin, wato bitamin B2, sannan a haska shi da wani haske na musamman, zaren ya ƙulle da juna ya yi tauri. Yana tsayar da ciwon a kusan mutum tara cikin goma. Amurka ta amince da shi a 2016. Amma yana da sharaɗi: a tsarinsa na asali ana so kaurin tantanin ya kai maikuron 400. Ba ya dawo da ganin da aka rasa, yana tsare wanda ya rage ne. Saboda haka yaron da aka gano da wuri zai iya tsira da tabarau kawai, wanda aka makara da shi kuma wataƙila ya wuce lokacin wannan aiki da na zoben baki ɗaya.

Shi ya sa likitoci da yawa suke haɗa biyun, ɗaya ya tsayar da ciwon, ɗaya ya gyara siffa. Duk wanda aka yi wa tayin zobe ba tare da an yi masa maganar ko ciwonsa yana ci gaba ba, yana da dalilin yin tambaya. Haka nan mai keratokonus ya guji aikin LASIK da ake yi domin rabuwa da tabarau, domin yana ƙara sirantar da tantanin.

In komai ya ƙi

Matakin ƙarshe shi ne dashen tantani daga wanda ya rasu. Wani bincike na duniya da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 12.7 ke jiran wannan dashe, kuma tantani ɗaya ake samu ga kowane 70 da ake bukata. Keratokonus ya kai kashi 27 cikin ɗari na dalilan dashen da aka yi. A Afirka kudu da Sahara wuraren adana tantanin ido kaɗan ne. Wanda aka fi ba da misali da shi shi ne na Adis Ababa, da aka buɗe a 2003.

Sabon salon zobe ma ya dogara da wannan kyauta. Likita Soosan Jacob ta birnin Chennai a Indiya ta wallafa wata dabara a 2018, mai suna CAIRS, inda ake yanka guntun daga tantanin da aka bayar maimakon roba. Nama ya fi zama lafiya cikin nama, kuma ana iya sa shi a idon da ya sirance fiye da yadda roba za ta jure. Dabarar tana yaɗuwa, amma tana bukatar masu bayarwa.

Ga al'ummar da galibinta Musulmi ne, tambayar halacci kan taso. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci domin ceton mai rai, bisa sharaɗin izinin mamacin kafin rasuwarsa ko na magadansa, kuma ba da ciniki ba. Malaman Zongo suna da rawar da za su taka wajen bayyana wannan ga jama'a.

Lissafin aljihu da na kan iyaka

Zongon Lome unguwa ce ta mutanen hanya. Tsohon Zongo yana tsakiyar gari ne kafin hukuma ta tashe shi a 1977, aka mayar da mazaunansa Agoe, can arewacin birnin. Masanin Faransa Michel Agier, a littafinsa na 1983 kan fataken unguwar, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya ginu a kan dangantakar maigida da baƙinsa da ke zuwa daga ƙasashe daban-daban. Wannan zumunci yana nan, kuma shi ne yake ɗaukar mara lafiya daga Lome zuwa Akara, Legas, Kano ko Bamako, inda cibiyar ido ta IOTA take tun 1953.

Tafiya neman magani tana da nata haɗarin a wannan ciwo. Zobe yana bukatar a riƙa duba shi na tsawon watanni da shekaru. Wanda aka yi wa aiki a Tunis ko Chennai ya dawo gida, in ido ya yi ja da dare, likitan Lome zai nufa. In bai zo da takardar da ta nuna irin guntun, kaurinsa da wurin da aka sa shi ba, da taswirar idonsa ta kafin aiki, likitan zai yi ta lalube ne. Ga kuma bambancin harshe: takardun Akara da Kano da Ingilishi suke, na Lome da Kotonu da Faransanci, mara lafiyar kuma wataƙila Hausa kaɗai yake ji sosai.

Sai batun kuɗi. Mafi ƙarancin albashi a Togo sefa 52,500 ne a wata tun Janairun 2023. Aikin da ya haɗa leza, guntun da aka shigo da shi daga waje, kuɗin jirgi da masauki ya ninka wannan sau da yawa, kuma ido biyu ne. Gilashi mai tauri da ake mannawa a ido yana ba da gani mai kyau ba tare da aiki ba, amma yana bukatar ruwan wanki na musamman da tsabta kullum, ga kuma ƙurar hunturu.

Abin da Togo za ta iya yi

Togo ta riga ta nuna tana iya bin ciwo gida-gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da kurkunu a 2011, tundurmi a 2017, ciwon barci a 2020, sannan amosanin ido a 2022, ta zama ƙasa ta farko da ta kawar da irin waɗannan cututtuka huɗu. A Janairun 2024 kuma ta ƙaddamar da inshorar lafiya ta kowa da kowa, AMU, a ƙarƙashin hukumomin INAM da CNSS. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin SPECS 2030 na faɗaɗa samun tabarau. Ma'ana, yara da yawa za su bi ta hannun masu awon ido a shekaru masu zuwa.

Wannan dama ce, domin matakin farko na gano keratokonus ba shi da tsada. Ƙwararren ma'aikaci da ke haska ido da ƙaramar fitilar awo zai ga hasken ya rabu yana buɗewa da rufewa kamar almakashi. Abin da ke tabbatarwa shi ne na'urar da ke zana taswirar tantanin. Idan manyan asibitocin koyarwa irin su Sylvanus Olympio da Campus suka zama wuraren da ake tura duk yaron da ake zargi domin taswira da ƙarfafa zare a farashin da talaka zai iya, hakan zai ceci ido fiye da yadda zobe zai ceta. Ya kamata kuma masu tsara AMU su fayyace wa jama'a matsayin waɗannan ayyuka biyu a cikin inshorar.

Akwai wani giɓi da ya shafi Zongo musamman. Shirin School Assur da aka fara a 2017 an tsara shi ne domin ɗaliban makarantun gwamnati. Yaran da ke makarantun allo, Islamiyya ko wurin koyon ɗinki da gyaran waya ba sa cikin ajin da masu awo za su shiga. Duk gangamin duba ido da bai bi ta hannun sarkin Zongo, limamai da malaman makaranta ba, zai tsallake su. Haka ma masu aikin hannu da 'yan kasuwa da ba su da albashi, waɗanda shigar da su inshora ya fi wuya.

Abin da ke hannun iyaye

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da gida zai iya. Yaron da ke murza ido kullum, a kai shi asibitin ido a yi maganin ƙaiƙayin, domin tsawa kaɗai ba ta hana hannu kai wa ido. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi yana rage ƙaiƙayi. A guji maganin ɗigawa na kan tebur: da yawansu suna ɗauke da sinadarin kotizon irin su dexamethasone, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma in aka daɗe ana sa shi ba da kulawar likita ba yana jawo hawan jinin ido da yana.

Matashin da aka canja wa tabarau sau biyu a shekara, ko wanda ido ɗaya ya fi ɗaya rauni ƙwarai, a nemi a yi masa taswirar tantani, a kuma ajiye takardar, domin sai an kwatanta ta bana da ta bara ake sanin ko ciwon yana tafiya. In an tabbatar, a duba 'yan uwansa. In kuma aka kai ga maganar zobe, a tambayi likita abu huɗu: ciwon ya tsaya ko yana ci gaba, nawa ne kaurin tantanin, za a haɗa da ƙarfafa zare, kuma wa zai duba idon bayan an dawo Lome.

Zoben yana da wurinsa, ga wanda ciwonsa ya kai matsakaici, tsakiyar idonsa garau, tabarau kuma ya gaza masa. Amma yawancin yaran da ke murza ido a Agoe-Zongo a hunturun bana ba su kai nan ba tukuna, kuma in aka duba su da wuri, da yawansu ba za su taɓa bukatarsa ba.